Hayar mota zuwa dutsen ƙanƙara a Bursa: wahalar da na sha da kamfani na farko, da abin da na biyu ya yi mani

Tun da na dawo Sakkwato na sa hoton nan namu cikin dusar ƙanƙara mutane sunka hana ni sakat, ran nan ma a majalisarmu ta Mabera sai da wani abokina ɗan kasuwa ya zaunar da ni wai shi ma watan Janairu zai tafi Turkiyya saro kaya kuma yana son kai iyali su ga ƙanƙarar, wace mota za shi ɗauka. Nic ce mashi Alhaji zauna da kyau, don ni tambayar da na yi kenan kuma ita ta kusa halaka ni, ba wace mota ba ce tambayar, wace taya ce.

Ni dai ɗan kasuwa ne, abaya da dogayen riguna da takalma nake kawowa daga Istanbul, na fi shekara shida ina wannan hanya amma ban taɓa tuƙi a ƙasar ba, tasi ce da jirgin ƙasa na cikin gari. Wanga karon ƙanena da ke karatu a Bursa, wani babban gari can Turkiyya, ya matsa mani wai Yaya sai ka zo ka ga dutsen Uludag, su suna furta shi kamar Uluda, g ɗin ba ta fita. Dutsen yana bisa kan garin, tsayinsa mita 2,543, nan ne mutanen Istanbul ke zuwa wasan zamiya in sanyi ya yi. Uwargida na tare da ni da yaronmu ɗan shekara tara, shi ya sa na ce bari in ɗauki hayar mota mu sake, ba sai muna jan akwatuna daga bas zuwa bas ba.

Kamfani na farko ba zan kama sunansa ba, ƙaramin kamfani ne da na samu ta intanet, araharsa ce ta ja ni. A hoton da sunka sa Dacia Duster ce, doguwa, ni kuma da na ga jif sai hankalina ya kwanta, a tunanina na Basakkwace duk motar da ke iya ratsa rairayin hanyar Tangaza da lakar fadama da damina to ƙanƙara mi za ta yi mata. Ban lura da ƙananan kalmomin da ke ƙarƙashin hoton ba, waɗanda ke nufin ko wata mai kama da ita. Duk kamfanonin haya haka suke rubutawa, aji kake biya ba mota ba, wannan ba laifinsu ba ne ni ne ban karanta ba. Laifinsu yana gaba.

Munka sauka filin jirgi na Sabiha Gokcen, wanda ke ɓangaren Asiya, yaron kamfanin ya zo ya kwashe mu zuwa wani fili bayan filin jirgin. Motar da anka ba ni jif ce ƙarama fara fes, an wanke ta tana ƙamshi. Na ce ƙanena ya tambaye shi ta waya, tunda shi ke jin Turkanci, shin fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu? Ya ce a'a tayoyin gaba ke ja. Tayoyin fa, na sanyi ne? Yaron ya daki tayar da ƙafa ya ce babu matsala, na kowane yanayi ne. Na ce Uludag za mu fa. Ya ce babu matsala. Sarƙa fa? Ya ce an share hanya ba ka buƙata. Sau biyu ya ce mani babu matsala, kuma wallahi da na duƙa na duba gefen tayar da na kama shi nan take, amma sanyi na dukana, yaro na kukan yunwa, na sa hannu a takarda munka wuce.

Hanyar zuwa Bursa kam ba abin cewa. Titi ne shimfiɗaɗɗe, ka bi ta gadar Osmangazi da anka buɗe a 2016 wadda ta ƙetare ruwan Izmit, cikin awa biyu ka isa. Hannun tuƙinsu irin namu ne, dama, babu wani rikicewa. Ba a tsayawa biyan kuɗin hanya da hannu, akwai abin da suke kira HGS manne a gilashi, na'ura ke karantawa, kamfanin haya ya cire daga katinka daga baya. Kuɗin gadar nan fa ba wasa ba ne, a sa shi cikin lissafi. A cikin Bursa babu ƙanƙara ko ɗaya, ruwan sama ne kawai tsat-tsat, sai na ƙara yarda da maganar yaron. Munka yi sallar Juma'a a babban masallacinsu Ulu Jami mai ƙubba ashirin wanda Sarki Bayazid na ɗaya ya gina ya gama a 1399, munka ci kebab ɗin Iskandar da garin ya yi suna da shi, uwargida ta shige Koza Han kasuwar siliki sai da na yi da gaske na fito da ita.

Ran Asabar da safe munka kama hanyar dutse. Daga gari zuwa inda otal-otal suke a sama wajen kilomita 35 ne, amma kar wannan ya ruɗe ka ka ce ai tafiyar rabin awa ce, kwana ce bisa kwana, kana fita wagga kana shiga wata, kuma hawa ne tun daga farko. Abin da ban sani ba sai da ƙanena ya yi mani bayani, duk mita dubu da ka hau sanyi na ƙaruwa da kamar digiri shida zuwa bakwai, ke nan ruwan da ke sauka a gari ƙanƙara ne a sama. Ina kallon lambar da ke gaban mota tana sauka, 6, 4, 2, sai ga wata alama ta kunnu da ƙara ɗin, alamar cewa hanya na iya daskarewa. Gefen hanya ya fara fari, yaro na ta ihun murna a baya.

Wajen wata kwana mai hawa ne abin ya faru. Motar gabana ta rage gudu, na ɗaga ƙafa, da na zo sake taka totur sai na ji injin na kuka amma motar ba ta gaba, tayoyin gaba na juyawa a banza, wata fitila ruwan ɗorawa na ta ƙyaftawa. Sai na yi abin da muke yi in rairayi ya kama mota, na ƙara wuta. Kuskure babba. Gaban motar ya fara karkata zuwa gefe a hankali a hankali kamar kwalekwale, sitiyari na hannuna amma kamar ba a haɗe yake da komai ba, na juya hagu ba ta ji, na taka birki sai na ji fedar na rawa ƙarƙashin ƙafata tana kar-kar-kar, na ɗauka birkin ya tsinke na saki. Uwargida ta kama salati da ƙarfi, ƙanena na cewa Yaya kar ka saki taka ka riƙe, taka ka riƙe. Na sake takawa, motar ta ja jiki ta je ta jingina da tudun ƙanƙarar da motar shara ta tara a gefe ta tsaya. Gudunmu bai kai ashirin ba, shi ya cece mu bayan ikon Allah. Wancan gefen hanyar rami ne da itatuwa.

Wannan rawar fedar ashe ba lalacewa ba ce, ABS ne ke aikinsa, yana kama taya yana saki don kar ta kulle. Shekara nawa ina tuƙi daga Sakkwato zuwa Illela zuwa Kano ban taɓa jin ya tashi haka ba, ina za ka ji a titin da ke da zafi kamar tanda.

Ban gama dawowa hayyacina ba sai ga wasu mutum biyu sun ɓullo da sarƙoƙi a kafaɗa, kamar dai jira suke. Haka suke a hanyar nan duk ranar da ƙanƙara ta sauka, sana'arsu ce, suna sayar da sarƙar taya suna ɗaura maka, sunanta zincir da yarensu, ana furta shi zinjir. Ɗayansu dattijo ne mai gashin baki, ya duƙa ya share gefen tayata da safar hannu ya karanta, ya ɗago ya dube ni ya girgiza kai ya faɗi wata magana. Ƙanena ya ce cewa ya yi tayar bazara ce wannan, wa ya bar ku kunka hau da ita. Ya nuna mana tayar wata mota da ta tsaya bayanmu, a jikinta akwai zanen dutse mai kai uku da hoton ƙwayar ƙanƙara a tsakiya, ya ce in babu wannan to ba tayar sanyi ba ce. Akwai masu rubutun M+S su ma ana lissafa su, amma mai zanen dutsen ita ce anka gwada ta a ƙanƙara. Tawa babu ko ɗaya. Ko na kowane yanayin da yaron ya ce ba ita ba ce.

Bambancin ba a zanen taya kaɗai yake ba, a robar yake. Robar tayar bazara in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 sai ta fara taurara, kamar silifas ɗin da ya kwana waje da hunturu, ba ta kama hanya. Ta sanyi kuma laushinta na nan, ga wasu ƙananan tsage-tsage birjik a jikinta da ke cizon ƙanƙarar. Na sa yatsa na danna ta waccan motar na danna tawa, wallahi ko makaho ya ji bambanci.

Kuɗin da sunka tsuga mani na sarƙar kar ku tambaya, ya fi kuɗin hayar motar na kwana guda, kuma ba ka da bakin ciniki, kana tsaye a kwana da mata da yaro ƙanƙara na zuba maka a wuya. Mu da muke cewa mun iya tayi. Na biya. Dattijon ya shimfiɗa sarƙar bayan tayar gaba, tunda ita ke ja ita ake ɗaura wa, ya zagayo da ita ta ciki ya haɗa ƙugiya ya ja ya ɗaure, cikin minti biyar ya gama duka biyun. Na ce bari in gwada ɗaure ƙugiyar ƙarshe in koya, na cire safar hannu, kafin in ƙirga talatin yatsuna sun mutu, ina kallon ƙugiyar ina taɓa ta amma ba na jin ta. Mu da muke kukan sanyi in hazo ya sauko a watan Disamba muna hura wuta a ƙofar gida, ashe wasa muke. Ya ce in na yi ɗan tafiya kaɗan in tsaya in ƙara ja mata don tana sakewa, kuma kar in wuce hamsin, gara ma talatin, in na sauko inda kwalta ta fito baƙa in cire ta kar ta cinye taya.

Da sarƙar munka ƙarasa, motar na kacau-kacau kamar an ɗaura mata kayan guga. A ƙofar shiga gandun dajin, inda ake biyan kuɗin shiga, jandarma na tsaye suna duba motoci, na ga sun juya wasu da ba su da sarƙa, ke nan ko ban zame ba nan za a maido ni, ga maganar an share hanya ba ka buƙata. Sama kam ta yi kyau ba ƙarya, fari fat ko'ina har ido na ciwo, yaro ya yi ta birgima, munka sha salep mai zafi, wani abu ne kamar kunun madara da kirfa a kai. Amma ni raina na wajen saukowa.

Saukowar ta fi hawan tsoro, duk wanda ya yi zai gaya maka. Motar otomatik ce, ƙanena ya nuna mani in mai da giyar gefen da ake canzawa da hannu in bar ta a ta ɗaya ko ta biyu injin ya riƙa riƙe motar, birki kuma a ɗan taɓa shi tun kafin kwana ba cikin kwana ba. Direbobin tirela na mu sun san wannan a gangaren hanyar Jos, ni ne dai ban taɓa buƙata ba. Ruwan wanke gilashi kuma ya daskare a sama, na ja sandar babu abin da ya fito, ashe ruwan famfo sunka zuba ba mai maganin daskarewa ba, motocin gaba na watso mana taɓo da gishiri waifa na shafa shi yana ƙara rufe ido, sau biyu ina tsayawa ina goge gilashi da ruwan gora. Abin gogar ƙanƙara ma babu a motar, da katin otal na kankare gilashin.

Da dare na sa ƙanena ya kira su. Da farko sunka ce ai ba mu ce za mu hau dutse ba, alhali sau biyu na faɗa. Sannan sunka ce motar da ke da tayar sanyi akwai amma sai an ƙara kuɗi kuma sai mun dawo Istanbul mun ɗauka. Kuɗin sarƙa kuma ba ruwansu. Har sunka ƙara da cewa in sarƙar ta kurje wani abu a ƙarƙashin mota ni zan biya, don inshorar da na saya ba ta shafi taya da gilashi da fitila da ƙasan mota ba. Wannan na duba takarda gaskiya ne yana ciki, kuma kusan ko'ina haka yake, inshorar taya da gilashi daban ake sayen ta, a tambaya tun a kanta. Da na mai da motar ranar Litinin sun zagaya ta sun fi sau biyar suna neman abin kamawa, Allah ya taimake ni na ɗauki bidiyonta tun ranar farko, ciki da waje har da mai da ke tanki. Kuɗin ajiyar da sunka riƙe a katina sai da ya yi mako uku kafin ya dawo. In maki ake ba su, ɗaya bisa biyar, ita ma ɗayar don motar na da tsabta ne kuma hita na aiki.

To da yake kwananmu ya rage kuma yaro ya nace sai an koma, ni ma kuma zuciya ta hana ni in bar abin haka, satin gaba da munka koma Bursa wajen ƙanena sai na sake ɗaukar wata a cikin garin, wajen ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu ofis a ko'ina. Wannan karon kafin in biya ko lira ɗaya na sa ƙanena ya rubuta masu saƙo da kalmarsu, kış lastiği, wato tayar sanyi, sunka amsa a rubuce cewa akwai. Matar da ke kanta ta tambaye ni ina za ni, da na ce Uludag ba ta ce mani babu matsala ba, ta ce to sai ka haɗa da sarƙa, ta kira yaro ya kawo sabuwa cikin jakarta, ya duba lambar girman taya ya tabbatar ita ce daidai da ita, ya ɗaura guda a gabana a fili inda babu sanyi sosai ya ce in kwance in sake ɗaurawa da kaina. Sau biyu na yi.

Motar Fiat Egea ce, ƙaramar salun mai jan gaba, giyar hannu, wadda a nan Bursa ɗin ma anka ƙera ta. Da na gan ta raina bai so ba, bayan jif a ba ka wannan. Na duƙa dai, tunda yanzu na yi hankali, na duba tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, duk da zanen dutsen, don wasu na sa biyu a gaba su bar na baya haka nan kuma wannan shi ke sa bayan mota ya juyo a kwana. Na duba zurfin zanen, ana son kar ya gaza milimita 4 in ƙanƙara za a shiga, na duba lambobi huɗun nan na sati da shekarar da anka yi tayar, irin yadda muke dubawa in za mu sayi ta hannu a kasuwa. Na ja ruwan gilashi ya fito shuɗi. Abin kankare gilashi na cikin aljihun ƙofa.

Wallahi hanya ɗaya ce, kwana ɗaya ce, har inda na zame na gane shi, amma ƙaramar motar nan ta hau kamar a titin Ahmadu Bello take tafiya. Ina tashi da giya ta biyu a hankali ba na ba ta wuta da yawa, tana kamawa tana wucewa. Ranar ƙanƙarar ba ta kai ta farko ba, wannan gaskiya ne kar in yi wa jif ɗin sharri, amma akwai wurare da hanyar ke ƙyalli kamar an zuba mata mai kuma ba ta zame ko sau ɗaya ba, sarƙar ma tana but ba mu taɓa ta ba. A wata kwana munka wuce wata ƙatuwar jif baƙa mai fowil ta gaske ta faɗa gefe mutanenta na tsaye suna waya. Fowil tana taimakon hawa da tashi, amma wajen tsayawa duk mota da tayoyi huɗu take birki, kuma mai nauyi ta fi wuyar tsayawa. In ka samu fowil mai tayar sanyi kuma aljihu ya ɗauka to madalla ita ce gaba da kowa, musamman in ƙauyuka za ka shiga inda ba a share hanya, can tsayin mota daga ƙasa na da amfani don ƙaramar salun cikinta na iya hawa kan ƙanƙara ta zauna kamar yadda take yi a rairayi.

Su ma ba na ce ba su da aibu ba. Sun fi na farkon tsada sosai, tayar sanyi da sarƙa kowanne da kuɗinsa daban, kuɗin ajiyarsu ya fi yawa kuma sun nace sai katin bashi mai sunan direba, da kyar munka daidaita, wanda zai je da katin naira kawai ya tambaya tun daga gida kar ya je ya tsaya. Sun duba fasfo da lasin, ni da na ƙasa da ƙasa na tafi. But ɗin ma da akwatunanmu na 'yan kasuwa ne da ba za su shiga ba. Huɗu bisa biyar nake ba su, da zuciya ɗaya.

Abokin nawa da na gama ba shi labari a majalisa ya yi shiru, can ya ce to Alhaji ni da ko a damina ba na son tuƙi fa. Na ce mashi akwai keken igiya da ke tashi daga cikin Bursa, teleferik suke ce mashi, wajen kilomita 9 yake tafiya a sama har kusa da otal-otal ɗin, ka ajiye mota a ƙasa ka hau da iyalinka, sai dai ranar da iska ta yi ƙarfi suna tsayar da shi, kuma Asabar da Lahadi layi ne kamar na mai. Ya ce shi wannan za shi hau. Sarƙar da na saya wajen dattijon tana ɗakin ƙanena ƙarƙashin gado, nauyinta ya hana ni sa ta a kaya, ya ce zai sayar wa wani ɗan ajinsu ya turo mani kuɗin, har yau ina jira.